Kumburin goshi bayan doguwar mura: me ya sa likita ya nace sai an yi hoton kai mai allura?

"Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a yankin Ringim, jihar Jigawa. Ɗana mai shekara 15 ya kamu da mura tun shigowar hunturu, ta haura mako uku ba ta sake shi ba, ga majina mai kauri, ga ciwon kai ta gaban goshi. An yi masa allurar maleriya a kemis har sau biyu. Kwana biyar da suka wuce sai tsakiyar goshinsa ya kumbura, da taushi in an taɓa, fatar idonsa na hagu ma ta tasa. A babban asibiti an ɗauki eksire aka ce sainos ne, aka sa masa allurai ta jijiya, zazzaɓin ya sauka. Amma likitan ya ce lallai mu tafi Kano a yi masa hoton kai a cikin na'ura, wai mai allura. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai na sayar da dabba. Yaron kuma ya fara cin abinci. Kawunsa ya ce a kira wanzami ya yi masa sakiya a huta. Shin hoton nan dole ne, tunda an riga an yi eksire?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ce. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko eksiren da aka ɗauka ya wadatar, ko saukar zazzaɓi na nufin an tsallake, da kuma ko kumburin nan ƙurji ne irin wanda wanzami zai fasa a huta. Amsar duka ukun a'a ce. Likitan da ya tura ku Kano ya yi daidai, kuma tafiyar ta yau ce, ba ta bayan cin kasuwa mai zuwa ba. Ban ga yaron ba, ban taɓa goshinsa ba, don haka hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da ke tsaye a kansa. Amma saurayi mai shekara 15, da murar da ta wuce mako uku, da kumburi mai taushi a tsakiyar goshi, siffa ce da duk mai aiki a ɗakin hoto ya san ta, kuma mun san abin da ya saba ɓuya a bayanta.

Inda ciwon yake zaune

Ƙashin fuska ba a cike yake ba. Akwai koguna na iska a cikinsa, kowanne da ƴar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci: biyu a kumatu, jerin ƙanana a tsakanin idanu, wasu biyu can ciki a bayan hanci, sai na goshi a saman gira. Su ne ake kira sainos a asibiti. Idan mura ta kumbura fatar cikin hanci, ƙofofin nan sai su toshe, majina ta taru ba ta da mafita, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace a ɗaki da wanka a kududdufi duk suna ƙara wa abin ƙarfi. Mafi yawan lokuta nan abin yake tsayawa, ya warke da kansa ko da magani.

Abin da ya sa muke jin tsoron wannan ciwo a samari fiye da ƙananan yara shi ne kogon goshi. Ba a haihuwar jariri da shi. Yakan fara bayyana wajen shekara 6 ko 7, ya yi ta faɗaɗa har ƙarshen shekarun balaga. A daidai lokacin da yake girma, jijiyoyin jinin da ke ratsa cikin ƙashin goshi sun fi kowane lokaci yawa da gudu, kuma jijiyoyi ne marasa makulli, jini na iya bin su gaba ko baya. Kogon yana da bango biyu: na gaba yana ƙarƙashin fatar goshi, na baya kuwa shi kaɗai ne tsakanin kogon da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin cuta in sun bi jijiya suka fito gaba, mugunya ta taru tsakanin ƙashi da fatarsa, shi ne kumburin da kake gani. Wani likitan tiyata na Ingila, Percivall Pott, shi ya fara bayyana wannan kumburi a ƙarni na 18, har yau da sunansa ake kiransa. To hanyar da ta fito da mugunya gaba, ita ce kuma take shigar da ita baya. Kaso mai yawa na yaran da ke zuwa da wannan kumburi akan tarar da wata mugunyar a cikin ƙoƙon kai, ko da yaro yana magana lafiya lau. Kuma samari maza sun fi mata faɗawa ciki.

Ido kuma labarinsa daban. Ƙashin da ya raba ƙananan kogunan tsakanin idanu da gurbin ido kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, da ƴan ƙofofi a jikinsa. Ciwo na tsallaka shi cikin sauƙi. Fatar idon ɗanka da ta tasa tana iya zama ruwan kumburin goshi ne ya gangaro, tana kuma iya zama alamar ciwon ya shiga gurbin idon kansa. Da ido ba kullum ake bambancewa ba.

Abin da eksire ba ya gani

Eksire inuwa ce ta kai gaba ɗaya a kan fim guda, ƙashin gaba da na baya duk a kan juna. Iyakar abin da zai nuna shi ne kogo ya yi duhu ko ruwa ya kwanta a ciki. Ba ya ganin ƙwaƙwalwa ko kaɗan, ba ya ganin mugunya a ƙarƙashin ƙoƙon kai, ba ya ganin bayan ƙwayar ido. Ko ruɓewar ƙashi ma ba ta fitowa a eksire sai ta yi kwana 10 zuwa 14 tana ci. Saboda haka kalmar "sainos ne" da aka gaya maka gaskiya ce, sai dai tambayar da ke gabanmu yanzu ba ko akwai sainos ba ce. Tambayar ita ce ina ciwon ya kai.

Sikanin, wato irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana da ɗan amfani: in an ɗora shi a goshi zai nuna ko ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata, wani lokaci har ya nuna inda ƙashi ya ɓule. Amma ba ya ratsa ƙoƙon kan wanda maɗigarsa ta riga ta rufe. Ba ya maye gurbin hoton da aka rubuta muku.

Kada kuma a ɗauka duk mai doguwar mura sai an kai shi na'ura. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idar da ta fitar a 2013, ta hana ɗaukar hoto don sainos da bai wuce hanci ba, domin mura ta yau da kullum ma tana sa kogunan su yi duhu a hoto, sai a yi ta ba yara magani ba gaira ba dalili. Ƙa'idar guda ce kuma ta ce da zarar an zargi ciwon ya taɓa ido ko cikin kai, a yi hoto mai allura. Ɗanka ya riga ya shiga rukuni na biyu tun ranar da goshinsa ya tasa.

Hoton da za ka nema, dalla-dalla

Hoton da aka rubuta muku shi ne siti sikan, za ka ga haruffan CT a takardar. Na'urar tana kewaya kai tana ɗaukarsa yanka-yanka, kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, kowane yanki kaurinsa milimita ɗaya ko ƙasa da haka, sannan kwamfuta ta sake jera su ta gaba da ta gefe. Ɗaukar kanta ba ta wuce ƴan daƙiƙoƙi, shiri da kwanciya su ne ke cin minti 10 zuwa 15. Ba zafi.

A nan ne ake yawan yin asarar kuɗi, don haka ka kula sosai. Akwai siti sikan na sainos kaɗai, wanda ake yi wa masu daɗaɗɗen toshewar hanci kafin tiyata. Shi ba a yin allura, an saita shi don ganin ƙashi, kuma sau da yawa yakan tsaya a ɗan saman kogon goshi, bai haɗa da sauran ƙwaƙwalwa ba. Ya fi arha, shi ya sa wasu iyaye kan zaɓe shi a wurin biyan kuɗi, ko mai karɓar takarda ya rubuta shi don ya ga an ce sainos. Ga yaro irin naka wannan hoton bai amsa komai ba, sai an sake biya. Abin da ake so shi ne hoton ƙwaƙwalwa gaba ɗaya tun daga tsakar kai, haɗe da gurbin idanu da kogunan fuska, kafin allura da bayan allura. Ka sa likita ya rubuta haka ƙarara, ya kuma rubuta abin da yake zargi, domin mai ɗaukar hoto da abin da ke takarda yake saita na'ura.

Allurar kuwa ruwa ne mai sinadarin aidin da ake turawa ta jijiyar hannu, gwargwadon nauyin yaro, kimanin mil 1.5 zuwa 2 a kowane kilo. Amfaninta shi ne: mugunya da ƙwaƙwalwar da ta kumbura launinsu a hoto kusan ɗaya ne. Amma jiki yakan gina bango mai yawan jijiyoyin jini a kewayen mugunya, ruwan allurar sai ya shiga bangon ya haska shi, tsakiyar ta zauna da duhunta. Da wannan zobe mai haske muke gane ta. Ba allura, siririyar mugunya mai kaurin milimita 2 ko 3 a jikin ƙoƙon kai tana iya wucewa ba a gan ta ba, a ce hoto lafiya, yaro ya koma gida.

Yayin allurar yaro zai ji ɗumi ya ratsa jikinsa, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ya ji kamar fitsari ya kufce masa. Duk yana wucewa cikin minti ɗaya ko biyu. Ka gaya musu in yana da asma, ko ciwon ƙoda, ko ya taɓa samun ƙaiƙayi da kumburi bayan irin wannan allura. Sukan nemi gwajin ƙoda tukuna, musamman in yaron ya daɗe yana amai ko an yi masa allurai barkatai a kemis. Batun tururin na'ura da mutane ke tsoro, wato hasken eksire da ke ratsa jiki: hoton kai guda bai wuce abin da jikin mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kusan shekara ɗaya ba. Ba a yin sa don wasa, amma ba abin da za a auna da mugunya a kai ba ne.

Abin da muke bi muna dubawa

In hoton ya hau allo, da ƙashi muke farawa. Muna duba kogon goshi ya cika ko bai cika ba, bangon gaba ya ɓule ko ya ruɓe, sannan bangon baya. Abin da ya kamata a sani shi ne bangon baya na iya zama garau, ba tsaga ba ɓuli, amma a tarar da mugunya a bayansa, tunda ta jijiya ta bi. Mai karanta hoton da ya ga ƙashi lafiya ya tsaya nan bai gama aikinsa ba.

Daga nan sai mu juya hoton zuwa yanayin da ke nuna nama da ƙwaƙwalwa. Mugunya a cikin kai takan zauna a ɗaya daga wurare uku, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko tana tsakanin ƙashi da tantani mai kauri da ke manne da shi. Saboda tantanin a manne yake, mugunyar ba ta samun wurin yaɗuwa, sai ta tattaru wuri guda a bayan goshi, tana ture shi a hankali. Wannan ita ce mai yaudara. Yaro na iya kwana da kwanaki da ita ba abin da ke damunsa sai ciwon kai, yana ci yana sha yana zuwa masallaci. Da abin da ka bayyana, ita ce ta fi zo mini a rai.

Ta biyu ita ce wadda ta ratsa tantanin ta shiga ƙarƙashinsa. A nan ba abin da ke tare ta. Takan malala a saman ƙwaƙwalwa, ta gangara cikin tsagin da ya raba ɓangaren dama da na hagu. A hoto siririya ce, a lanƙwashe, wani lokaci sai an kalle ta ta gaba sannan a gan ta kwance a tsagin. Amma ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinta takan kumbura fiye da girman mugunyar, har ta ture layin tsakiya zuwa ɗaya gefen, kuma muna auna wannan turewa da milimita don likitan tiyata. Ita ce ke juya yaro cikin sa'o'i: da safe yana hira, da yamma jijjiga, hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun mutu, magana ta sarƙe. Ita ce dalilin da na ce yau.

Ta uku ƙurji ne a cikin naman ƙwaƙwalwar kanta, galibi a sashen gaba. Wannan sashe ba ya saurin nuna shanyewar jiki. Abin da ake fara gani canjin hali ne: yaro mai kunya ya koma zagi, ko mai surutu ya yi shiru yana kallon bango, ko ya yi fitsari a zaune bai damu ba. A ƙauyukanmu nan take a ce iska ce, a tafi ruƙiyya. Addu'a ba ta hana hoto, a yi su tare.

Bayan waɗannan muna bin manyan hanyoyin jini da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa, musamman wadda ta bi tsakar kai daga goshi zuwa ƙeya, da kuma tafkin jinin da ke bayan idanu. Ciwo na iya daskarar da jini a cikinsu. A hoto mai allura hanyar da ya kamata ta yi fari tas sai a ga duhu a tsakiyarta. In na bayan idanu ne ya toshe, kumburin kan tsallaka daga ido ɗaya zuwa ɗayan, ƙwayar ido ta daina juyawa.

A gurbin ido kuma tambaya ɗaya ce ta fi muhimmanci: kumburin a gaba yake, a fatar ido kawai, ko ya wuce shingen da ke bayan fatar ya shiga ciki? Tun 1970 likitoci ke bin wani tsari na matakai biyar da Chandler da abokan aikinsa suka shimfiɗa, daga kumburin fatar ido, zuwa kumburin kitsen cikin gurbi, zuwa mugunya a jikin siririn ƙashin nan, zuwa ƙurji a tsakiyar gurbi, zuwa daskarewar jini a bayan ido. Muna auna faɗin mugunyar, mu ga ko ta gefen hanci take ko ta sama, ko ta ture naman da ke juya ido, ko ta miƙar da jijiyar gani. Ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara 9 mai ƴar mugunya ta gefen hanci sau da yawa allurai kaɗai kan ishe shi. Saurayi kuwa, musamman in mugunyar daga kogon goshi ta sauko ta rufin gurbin, ya fi buƙatar a buɗe a zubar. Amma hoto ba ya auna gani. Wannan aikin likitan ido ne, da kai ma: ka rufe masa ido mai lafiya da tafin hannu, ka nuna masa yatsu, ka nuna masa jan abu. In ya ce jan ya dushe, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko juya idon na masa zafi, ka faɗa wa ma'aikaciyar jinya nan take ko da tsakar dare ne. Jijiyar gani in ta matsu, sa'o'i kaɗan take jurewa.

Wani lokaci bayan siti sikan za a ce a ƙara emarai, wanda ake rubutawa MRI. Ba cin kuɗi ba ne. Emarai ya fi ganin siririyar mugunya, da farkon kumburin ƙwaƙwalwa kafin ya zama ƙurji, da daskararren jini. Akwai wani salon ɗauka a cikinsa da ke sa mugunya ta yi fari fat, ruwa na kawai kuma ya yi duhu, abin da siti sikan ba ya iya rabewa. Sai dai yana cin minti 30 zuwa 45, da ƙara sosai, dole yaro ya kwanta ƙyam, ya fi tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma bai kai siti sikan nuna ƙashi ba. Shi ya sa ake farawa da siti sikan. In kuwa siti sikan ya fito ba a ga komai a cikin kai ba amma yaro na ta ciwon kai da amai ko barci mai nauyi, to emarai ya wajaba, ko a maimaita hoton bayan kwana ɗaya ko biyu. Emarai na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfi: laya, guru, zobe, tsabar kuɗi, waya, duk a bar su a waje, kuma a faɗa in akwai ƙarfe a jiki. Ƴan mata su cire ɗankunne da barima da fil na gashi, su wanke kwalli, domin yakan ɓata hoton gurbin ido. Yarinyar da ke da aure ta faɗa in tana zaton ciki, ba don a hana ta hoto ba, don a zaɓi wanda ya dace.

Sauƙin da ka gani

Alluran da aka sa masa sun yi aiki a kan ƙwayoyin da ke yawo a jini, shi ya sa zazzaɓi ya sauka, ci ya dawo. Amma magani ta jini yake tafiya, kuma tsakiyar mugunya da mataccen ƙashi ba jini. Ƙwayoyin da suka fi haddasa wannan ciwo a samari wani dangi ne da ya shahara da tara mugunya, sau da yawa haɗe da waɗanda ke rayuwa inda babu iska. Suna iya lafawa mako guda su dawo. In kuma a kemis an haɗa masa da deksa, maganin nan mai danne kumburi, kamar yadda aka saba, to ita tana rufe zazzaɓi da kumburi ba tare da ta kashe komai ba. Ka tattara kwalaye da kwalaben duk abin da aka ba shi ka tafi da su.

Gwajin maleriya da ya nuna akwai ma ba hujja ba ce. A yankinmu yara da yawa na ɗauke da ƙwayar a jini, ana iya samun ta tare da wani ciwon. Maleriya ba ta kumbura goshi. Haka nan in wuya ya sanƙare za a yi tunanin sanƙarau, a so ɗibar ruwan baya. Ga yaron da ke da kumburin goshi ko na ido, ko rauni a gefe ɗaya, hoto ake fara yi kafin a taɓa bayansa, domin in akwai abin da ke matse ƙwaƙwalwa, zare ruwa daga ƙasa na iya jawo ta ta danne inda numfashi yake. Magani kam ba ya jiran hoto, ana ci gaba da shi.

Abu ɗaya da ke iya kama da wannan a ƙasar Kano da Jigawa shi ne sikila. Mai sikila ƙashin goshinsa ko na gurbin ido na iya mutuwa don toshewar jini, jini ya taru a ƙarƙashin fata, kai ya yi taushi. In ɗanka na da ita ka faɗa tun a bakin ƙofa, domin tana canza yadda ake karanta hoton da yadda ake shirya shi in za a yi tiyata.

Batun sakiya

Ka ba kawunsa haƙuri. Wanzami gwani ne a kan maruru, wanda ke cikin fata. Wannan kuwa daga ƙashi ya fito, kuma ƙashin da ke ƙarƙashinsa mai yiwuwa ya yi laushi ko ya ɓule. In an huda, mugunya za ta fita, goshi ya saɓe, kowa ya ce an samu lafiya, alhali ta ciki tana nan, ga sabuwar ƙofa an buɗe wa wasu ƙwayoyin. Abin da ke biyo baya shi ne rami a goshi da ke tsiyaya wata da watanni. Ƙaho, matsa kumburin, ɗora garwashi a tsumma, ɗura magani a hanci ko a ido, duk a bar su.

Yadda za a yi tafiyar

Ku nufi asibitin da ke da abu huɗu a wuri guda: na'urar hoto, likitan kunne da hanci da maƙogwaro, likitan ido, da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da waɗannan sassa. Kuskuren da ake yi shi ne a je shagon hoto na kuɗi a cikin gari, a ɗauka, a ce a dawo jibi karɓar sakamako, a koma ƙauye da yaro. Ku shiga ta sashen gaggawa da takardar turawa, a karɓe shi a matsayin majinyaci. In na'urar wurin na da matsala ranar, su za su faɗa muku inda za a je a ɗauka a dawo. Likitan da ya tura ku zai iya buga waya kafin ku tashi don a san kuna tafe.

A yi masa allurar da lokacinta ya yi kafin ku hau mota, a bar masa robar jijiya a hannu, a rubuta sunan maganin da lokacin da aka yi. Kada a cika masa ciki a hanya, ko za a buƙaci sa shi barci don tiyata. In ya fara jijjiga a mota, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa. Ku tafi da ɗan'uwa ɗaya ko biyu masu ƙarfi da za su iya ba da jini. Ka tambayi kuɗin hoton haɗe da na ruwan allurar, domin wasu wuraren daban suke lissafa su. In kuɗi ya gaza, ka nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, in kuma yaron na cikin wani tsarin inshorar lafiya ka tafi da katinsa. Bayan an ɗauka ka karɓi faifan hoton, ba fim kaɗai ba, domin fim zaɓaɓɓun yankuna ne, faifai kuwa yana da duka. Kuma kada a jira rahoton da aka buga a takarda: likitan da ke kula da shi ya je ya kalli hoton tare da likitan hoto a ranar.

Abin da hoton zai yanke shi ne ko allurai kaɗai, ko a buɗe kogon ta cikin hanci da na'urar hangen ciki, ko a tsaga goshi a kankare ruɓaɓɓen ƙashi, ko a huda ƙoƙon kai a zubar da ta ciki. Sau da yawa likitan hanci da na ƙwaƙwalwa kan shiga tare a yi a zama ɗaya, domin in an kwashe ta ciki aka bar kogon a toshe, takan sake taruwa. Hoto ba ya faɗin sunan ƙwayar cutar, sai an kai mugunyar ɗakin gwaji. Ka shirya wa zama mai tsawo: in ƙashi ko cikin kai ya taɓu, magani kan ɗauki mako 6 zuwa 8, babban ɓangarensa ta jijiya. Za a iya maimaita hoto in bai samu sauƙi cikin kwana biyu ba, ko wata sabuwar alama ta fito, sannan a sake wani kafin a tsayar da magani, don haka ka ware wani abu daga kuɗin dabbar saboda shi. In an sa masa maganin hana jijjiga kada a yanke shi don an ga ya warware, sai likita ya ce, kuma kafin nan a hana shi hawa bishiya, jan ruwa a rijiya, shiga kududdufi da tuƙa babur.